Goge Muryar Auta

Autanmu bai taɓa shiga jirgin sama ba. Kano ma sai da ya fara aske gemu ya gan ta. Amma a Daura in ka ce direban kumbo, har dattawan da ke zama kusa da rijiyar Kusugu sun san da wa kake.

Sana'arsa fassarar fim ce. Zai samo na Turawa ko na Indiya, ya shige ɗan ɗakin zaurenmu da ya lilliƙa wa kwalayen ƙwai a bango don kada hayaniyar waje ta shiga, ya danne muryoyin mutanen ciki da tasa. Shi ne namiji, shi ne mace, shi ne dodo. In ya gama, masu shagunan turi su karɓa su riƙa zuba wa mutane a waya. Ni kuwa dusa da harawa nake sayarwa a kasuwar dabbobi, ban taɓa zama na kalli ko ɗaya ba. Abin da na sani kawai, ƙato da shi yana cikin ɗaki yana kukan mata, ni ina waje ina fama da buhuna. Turancin nasa ma na sakandare ne, rabi ji, rabi shaci-faɗi.

Wanda ya fito da shi wani fim ne na 'yan sama jannati. Wai wasu mutane ne duniyarsu ta ƙone, suka shiga kumbo suna yawo a sararin samaniya suna neman inda za su sauka. Auta ya mai da kumbon nan tsohuwar motar haya. Tsohon da ke tuƙi ya zama direba, mutum-mutumin ƙarfen da ke taimakonsa ya zama karen mota. Duk tauraron da suka wuce sai ya raɗa masa sunan gari, wannan Zango, wancan Mai'aduwa, mai ja ɗin can Babban Mutum. Da suka zo bakin wani baƙin rami mai haɗiye komai, ya ce ga Kusugu nan, yau kuma ba Juma'a ba ce, kada wanda ya leƙa. Duk lokacin da injin kumbo ya mutu a tsakiyar taurari, sai direba ya yi tsaki ya ce, “Kowa ya sauko a tura!”

Maganar nan ta cika gari. Babur ya mutu, ita ce. An ɗauke wuta, ita ce. Saniya ta turje a kasuwa, sai ka ji wani ya faɗa, mutane su kwashe da dariya. Ni ban san abin dariyar ba, kuma ban tambaya ba.

Cikin damina ciwon ciki ya kama shi. Muka yi ta jiƙe-jiƙe, daga baya aka ce a wuce da shi Katsina a yi masa aiki. Inna ta ɗauko mayafi za ta bi mu, shi da kansa ya ce, “Inna, zauna, ai ba daɗewa zan yi ba.” Ta zauna. Aka shiga da shi ɗakin tiyata, bai farka ba, bai yi sallama da kowa ba.

A hanyar dawowa, muna gab da shiga gari, motar da ta ɗauko mu da gawar ta mutu. Abokansa 'yan acaɓa sun tarye mu tun daga nesa, suna biye da mu. Direban ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, ya juyo ya buɗe baki, sai ya rufe. Kowa ya san abin da ke bakinsa, domin yana bakin kowa. Muka sauko, su ma suka jingine baburansu, muka tura. Ina turawa ina kallon takalmina, ina tunanin ya kamata a kai shi a ɗinke.

Haka na kasance duk kwanakin. Ban yi kuka ba, ba kuma dauriya ba ce, abin ne bai zo ba. A ce mini ya haƙuri, in ce da godiya. A miƙo hannu, in miƙa. Da an ce in tashi in koma kasuwa a ranar, da na tashi.

Zaman makokin ya cika da mutanen da ban sani ba. Samari daga ƙauyuka, mahauta, masu faci, har da wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, ya cire hularsa ya zauna a gefen tabarma. Su yi addu'a, can sai wani ya kasa haƙuri ya tayar da maganar fim. A nan na fara jin yadda ya ƙare. Wai kumbon ya tsage gida biyu, tsohon direban ya tura kowa ɓangaren da ke da lafiya, shi ya tsaya a wanda ke cin wuta. Kafin hoton ya ɗauke sai ya yi kalmar shahada, ya ce duk wanda na ɓata wa ya yafe mini.

Wani mai gilashi, da ganinsa ɗan boko ne, ya ce shi ya kalli na asalin, Baturen bai faɗi haka ba, lissafin nisan tafiya yake karanta musu. Kai, kamar ya zagi iyayensu. Wani mahauci ya miƙe ya ce, “To mu namu direban Musulmi ne, ya cika da kyau da imani, sai ka yi yadda za ka yi!” Wasu suka ce ai direban bai ma mutu ba, Auta ya yi musu alkawarin kashi na biyu. Sai suka tuna a inda suke zaune, suka sunkuyar da kai. Ni ina kallon bakunansu suna motsi.

A cikin gida kuma wata magana ake. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta kawo ta, kuma ba da mugunta ba. Ta ce ta ji a wurin wa'azi, yadda mutum ke haƙa rijiya lada ta riƙa binsa kabari, haka in ya bar abin da ba shi da kyau alhaki ke binsa. Fim ɗin nan da kiɗa a ciki, da mata ba lulluɓi. Duk wanda ya kunna, ana rubuta wa yaron nan, yana kwance bai san hawa ba bai san sauka ba.

Inna ta bari sai da baƙi suka janye. Ta aika aka kira ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta cika duban idona ba. Ranar ta dube ni.

“Kai, ka bi duk inda muryar yaron nan take, a goge. Ba zan iya haɗiyar tuwo ana ɗora masa kaya a can ba.”

Na ce to. Ban tsaya tunanin ko Gwaggo ta yi daidai ko ba ta yi ba. An aike ni, na tafi.

Da kwamfutarsa na fara. Na ɗauke ta na kai wa mai gyaran waya, na ce ya wanke ta tas. Ya ce, “Yaya, kashi na biyun yana ciki fa, ya kusa rabi.” Na ce wanke. Ya daɗe hannunsa na kan madanni, sannan ya danna, ya juya mini baya.

Daga nan na shiga bin shagunan turi. In yi sallama, in faɗi saƙon Inna, in tsaya har a goge a gabana. Wasu su goge suna addu'a. Wasu su ce to, alhali na san ina fita za su dawo da shi daga wani wuri. Wani babba a cikinsu ya zaunar da ni ya ce, “Malam, abin da ya shiga waya ya shiga duniya. Fim ɗin nan ya kai Damagaram, ya kai Maraɗi. Da wace ƙafar za ka bi shi?” Na ce ni dai goge naka.

Ibon nan shi ya fi ba ni wahala. Ya ce bai gane ba, a garinsu in mutum ya mutu hotonsa ake bugawa a riga don kada a manta da shi, mu kuma share namu muke. Ya ce da fim ɗin ya ƙarasa koyon Hausa. Na ce uwar Auta ce ta ce. Jin haka ya ciro waya ya goge, ya nuna mini, ya ce in gaida Mama.

Mahaucin nan kuwa sai da muka yi cacar baki. Ya ce wallahi ba zai goge ba, ranar da matarsa ta rasu wajen haihuwa wannan fim ɗin ne ya fara ba shi dariya bayan ya ɗauka ya gama dariya a duniya. Ya ce in alhaki ne a rubuta masa shi, ya ɗauka. Na ce ba kai ke rabon ba. Ya zage ni, na rama, mutane suka raba mu. Washegari ya aiko da tsokar nama gidanmu, da saƙon cewa ya goge.

Sannu a hankali garin ya yi mini shiru. In na doso majalisa sai a kashe waya a tura aljihu. Babur ya mutu a gabana, mai shi ya sauko ya tura bai ce komai ba. Kullum na koma gida Inna za ta tambaya, “Saura?” In ce ana kai. Ta taɓa abinci kaɗan ta ture kwanon. Wuyanta ya zama kamar na kaza.

Wata rana ina auna dusa na yi ƙoƙarin tuna yadda Auta ke cewa Yaya, abin ya ƙi zuwa. Fuskar na gani sarai, bakin na motsi, sauti babu. Na ci gaba da awo, mai saye na jira.

Bayan an yi girbi, yayar Inna da ke Babban Mutum ta aiko a kai mata ita ta kwana biyu, ko canjin wuri zai sa ta ci abinci. Na raka ta tasha da hantsi, muka shiga mota, ita a jikin taga, ni a gefenta. A kujerar gabanmu akwai wani magidanci ɗan ƙauye da buhun taki a tsakanin ƙafafunsa. Bai san mu ba. Mun ɗan yi nisa da gari ya ciro waya ya kunna, da ƙarfi, yadda mutanenmu ke yi.

“Kowa ya sauko a tura!”

Motar ta kwashe da dariya, har direba. Ni kuwa aikina ya zo. Na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa in faɗi saƙon da na saba faɗi, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Inna ce. Tunda na yi wayo ba ta taɓa riƙe hannuna ba.

“Bar shi,” ta ce.

Ita ma ba ta taɓa kallon fim ɗin ba. Ba ta leƙa wayar ba, ta dai sunkuyar da kai ta karkata kunne. Auta ya yi muryar tsoho, ya yi ta mace, ya yi ta ƙarfe yana roƙon a ba shi na goro. Fasinjoji na dariya suna faɗin maganar kafin ta zo, don duk sun haddace. Wata mata a baya ta ce Allah ya jiƙan yaron nan, an ce ya rasu. Aka amsa da amin. Inna ba ta sake ni ba.

Mutumin ya tsallake zuwa ƙarshe, ya ce nan ne ya fi so. Ana jin ƙarar wuta da ƙarafa na karyewa. Sai Auta ya bar muryar tsohon. Ban san ko mantawa ya yi ba ko da gangan, amma wurin nan da muryarsa ta gida ya yi shi, wadda yake neman ƙarin miya da ita. Ya yi kalmar shahada a hankali. Ya ja numfashi, ya ce, “Ni tawa tafiyar ta ƙare a nan. Duk wanda na ɓata wa, don Allah ya yafe mini.”

Inna ta ɗago kai ta ce, “Na yafe maka, duniya da lahira.”

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma motar shiru take, kowa ya ji. Mai wayar ya waiwayo a rikice.

“Inna, da ni kike?”

“A'a, ɗan nan. Da wancan nake.”

Ya dube ta, ya dube ni, bai gane ba, ya juya. Na jira ta ce in gaya masa ya goge. Har muka shiga Babban Mutum ba ta ce ba, ni ma ban tuna mata ba. Da motar ta tsaya ta saki hannuna, ta gyara mayafi, ta ce in duba ko akwai mai ƙosai a tashar, yunwa take ji.