Suna Musun Sunan Kisan, Ni Ina Neman Ƙanwata

A lokacin ni ɗalibi ne a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina karatun injiniya, kuma duk abokaina Bahaushe suka ɗauke ni. Hausa nake yi da su, sahu ɗaya muke sallah, to wa zai tambayi asalina? Alhali ni ɗan wata ƙaramar ƙabila ne ta kan dutse, wadda ko sunanta ba kowa ya sani ba.

Wata Asabar aka kira ni daga gida, aka ce an afka wa ƙauyenmu, an ƙone gidaje, an kashe mutane, kuma ba a ga ƙanwata ba. Na yi ta kiran lambarta, shiru. Da na rasa inda zan sa kaina, sai na nufi ɗakin wani Alhaji ɗan Gana mai aika kaya, kusa da titin Huanshi Lu, inda muke haɗuwa cin tuwo duk mako. Niyyata in roƙa a yi mata addu'a.

Na tarar labarin ya riga ni, ana miƙa bidiyon harin hannu zuwa hannu. Wani ya ce kisan ƙare dangi ne. Wani mai karatun shari'a ya ja tsaki, ya ce a daina zuzutawa, a doka ba yawan gawa ake dubawa ba, sai an tabbatar maharan sun yi niyyar shafe ƙabilar, in ba haka ba laifin wani suna gare shi daban. Musu ya kaure, ana loma ana shewa. Wallahi har wani ya tsayar da bidiyon a kan gawar wata mata don ya kafa hujja, da miya a yatsansa. Ni kuwa zanenta nake dubawa ko na san shi.

Na ce musu ƙauyenmu ne. Mai karatun shari'ar ya ba ni haƙuri, wai shi ɗan Kano ya zace ni, da ya sani da bai faɗa a gabana ba. Wato a bayana ya halatta ke nan? Tir! Alhaji ne ya ture kwano ya ja mu addu'a. Washegari aka tsinci gawar ƙanwata a gona.

Ban ce doka ƙarya ce ba, kotu ta ba abin sunan da ya dace. Amma jama'a ku ji tsoron Allah, gawar mutane ba wurin gwada ilimi ba ce, ko da babu ɗan'uwan mamaci a kusa. Ni dai ko wane suna aka sa wa kisan, mahaifiyarmu, wadda ɗaki ɗaya suke kwana da ƙanwata a da, ita kaɗai take kwana yanzu.