Ruwan Da Aka Kora Daga Jana'izar Luka

Kafanchan zuwa Jos

Ƙarfe huɗu da rabi na asubar Asabar muka bar Kafanchan a motar Danjuma, ɗan abokina marigayi Luka. Shekara talatin muka yi tare da Luka a aikin jirgin ƙasa, kuma mun yi alkawari wanda ya rage shi zai fara zuba wa ɗan'uwansa ƙasa. Jana'izar tana Numan ƙarfe biyu. Danjuma ɗan kwangila ne, ya aro ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu da zai kai mu Yola.

A shingen Gidan Waya soja ya ce, "Baba, ina zuwa?"

Na ce, "Sama." Ya dubi furfurata, ya ce Allah ya sa a huta.

Filin jirgi

Bakwai da kwata muka iso. Jirgin bai kai girman rumbun citta ba. Matuƙiyar yarinya ce, Kyaftin Rifkatu. Ta auna ni a sikeli kamar buhu, ta dubi gabas, ta dubi wayarta, ta ce a jira.

Tara ta yi, gabas ta yi baƙi. Danjuma ya ce, "Kyaftin, kar ki damu. Kawuna ya sa mai tsare ruwa tun jiya. Ko ɗigo ba zai sauka a Numan ba."

Ta ce, "Yallaɓai, malamin da ya koya mini tuƙi ya shiga irin wannan hadarin da mutum biyu, suna saurin ɗaurin aure. Fukafukin daban aka tsinta, su daban."

Danjuma ya juyo. "Baba, kai ne babba. Ka yi mata magana."

Ni a aji huɗu na tsaya, amma na san aikin masu tsare ruwa. Na ce, "Ɗana, mai tsare ruwa ba ya shanye ruwa, korarsa yake yi. Daga Numan ina zai koro shi?"

Na ba da amsar da kaina:

"Kan hanyarmu. Kawunka ya share tsakar gida, ya zubo mana sharar."

Na faɗa ina dariya, amma na san alkawarina da Luka na yar.

Jos zuwa Numan

Goma da rabi muka kama hanyar Bauchi a mota. Kafin Alkaleri ruwa da iska suka tsayar da mu minti arba'in, muna kallon kwanon rufin wani shago yana tafiya Gombe ba direba. A Gombe muka ci tuwon masara a tsaye.

Da magariba muka shiga Numan. An rufe Luka tun uku. Ƙasar kabarin a bushe take ƙayau, kawun yana ta karɓar yabo. Na ɗebi hannu ɗaya na ɗora a sama, na ce, "Luka, na makara. Amma da na zo da wuri, da tare za a haɗa mu."

Gida

Litinin ƙarfe biyar na yamma na iso Kafanchan. Matata ta ce, "To, yaya saman?"

Na ce, "Na gan shi daga ƙasa, yana nan lafiya."

Godiya ga Ubangiji, da kuma yarinyar nan da ta ƙi jin maganar manya.