Kuɗin Komawar Kaka

Jiya na ɗauko wani tsohon matashin kai zan shanya a baranda, sai ƙamshin kafur ya buge ni. Wallahi nan take na koma gidanmu na unguwar Abbasiya a Alƙahira, hawa na huɗu, ina yarinya ina tsintar shinkafa a gaban Kaka.

Kaka ita ta haifi Baba. Ta zo Masar ganinsa yana karatu, wai wata uku za ta yi, ciwon ƙafa ya zaunar da ita shekaru. A cikin matashin nan ta ɗinke kuɗin ƙasarmu, na awakinta da ta sayar. Kuɗin komawa ne. Ko burodin safe ya gagare mu, ba mai kallon wajen.

Wani hunturu, irin sanyin nan mai shiga ƙashi, Baba ya shigo fuska a ɗaure. Ya ce can gida ƙasarmu za a canza takardun kuɗi, kuma shugaban ƙasa da gwamnan babban banki sun saɓa. Shugaba na cewa a ƙara wa mutane lokaci, gwamna na cewa ranar da ya sa ba ta motsi.

"Gwamnan banki?" in ji Kaka. "Wace jiha ce kuma banki?"

Muka yi dariya. Baba bai yi ba.

Daga nan rediyo ya zama abin tsoro a gidan. Da an fara labarai Mama za ta sauke tukunya. Yau a ce tsofaffin kuɗi na nan, gobe a ce sun kusa mutuwa. Ni dai a da ban san kuɗi na mutuwa ba.

Akwai wani ɗalibi da zai tafi gida ranar Juma'a. Baba ya durƙusa gaban Kaka.

"Inna, ki ba shi ya canza miki, don Allah."

"Sai sun gama faɗansu. Shi shugaban, ba shi ya ɗauki wancan aiki ba?"

Sai da nake shafa mata man zafi a ƙafa ta ce da ni a hankali, "In kuɗin suka tafi gida suka bar ni, ni kuma yaushe?"

Ranar Juma'a ɗalibin ya zo da jakarsa. Ya sha shayi, ya ƙara, ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Kaka na zaune a kan matashinta tana jan carbi. Ya ce ma'alish, wato ba komai, ya sauka.

Wa'adin ya cika, ba wanda ya iya gaya mata. Kullum ta tambaya, "Sun shirya?" sai Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Tukuna, Inna." Haka ya yi ta faɗa har muka rufe ta a nan Alƙahira.

Yanzu kuɗin 'ya'yana a waya suke, ba su da ƙamshi. Amma har yau in na ji an ce shugaba da banki suna faɗa, sai gabana ya faɗi, ko ƙasar wa ce. Ɗinkin Kaka na nan yadda ta bar shi. Jiya 'yata ta ce, "Mama, yaushe za ki farke shi?"

Na ce, "Tukuna."