Badamasi, Wanda Ya Raɗa wa 'Yan Ƙwala Suna

Duk yaron da ke kallon finafinan fassara a waya ya san 'Yan Ƙwala, halittun nan masu saukowa daga wasu duniyoyi su kama mutane. Amma ba kowa ya san daga bakin wa sunan ya fito ba.

Badamasi mutumin Gusau ne. Karatun Larabci ya kawo shi Alƙahira, da ya gama kuma bai koma ba, don ya auri Sulafa, Bahaushiyar Sudan, har sun haifi 'ya mai suna Afra. Allah ya ba shi murya mai daɗi da saurin baki, shi ya sa wani Bamisire, Abdulbasit, ya ɗauke shi aiki a ɗan ɗakin ɗaukar sauti a unguwar Mohandessin, inda suke ɗora Hausa a kan finafinan ƙasashen waje.

Wata rana aka kawo fim na wasu halittu masu dogayen yatsu da suka sauko daga jirgin sama jannati. Nan fa Badamasi ya cije. In ya ce dodo, yara za su ɗauka na tatsuniya ne. Aljani kuwa ba zai faɗa ba, ya san abokan karatunsa ba za su bar shi ya sha ruwa ba. Ya tsayar da hoton, ya ƙura wa abin ido: ga wasu ƙwala-ƙwalan idanu kamar za su zazzago, ga ihu yana ƙwalawa.

"Yalla, yi sauri, ya Badamasi," in ji Abdulbasit. "Faɗi ko ma mene ne."

Ya matsa kusa da makirufo ya ce, "Jama'a ku gudu, ga Ɗan Ƙwala nan!"

Kafin shekara ta zagayo sunan ya karaɗe Kano da Maraɗi. Masu fassara a gida suka ɗauka, kowane irin baƙon halitta ya zama Ɗan Ƙwala. Badamasi ya ji daɗi ƙwarai, har Sulafa takan tsokane shi da cewa ya haifi kalma kafin ya haifi namiji.

Sai ciwo ya kama Sulafa. Ta fara ramewa alhali tana cin abinci, hannunta na rawa, zuciyarta na bugawa kamar ta yi gudu. Likita ya ce wani ƙullutu ne a maƙogwaro yake aiki fiye da ƙima. A hankali idanunta suka fara turowa waje, har ya zama ko tana barci ba sa rufuwa duka.

Ana cikin haka aka gayyace su suna a unguwar Dokki, gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci. Sulafa ta daure ta je. Tana shiga falo, yaran da ke wasa suka yi cirko-cirko, wata yarinya ta nuna ta ta ce, "Umma, ga 'Yar Ƙwala!" Sauran suka watse suna dariya. Uwar ta kai wa yarinyar duka tana ta ba Sulafa haƙuri, ma'alish, ma'alish. Abin da ya fi ƙona Sulafa shi ne Afra, wadda ta zare hannunta daga nata ta koma bayan kujera.

Suka hau tasi suka koma gida. Sai da suka hau bene Sulafa ta ce, "Abban Afra, ni ba na ganin laifinka. Amma da muryarka na ji ta faɗa."

Washegari ya je wurin Abdulbasit ya roƙe shi a goge kalmar daga finafinan.

"Khalas, shi ke nan, ka goge," in ji Abdulbasit. "Na wayoyin mutane fa? Su ma za ka bi su?"

Ya gwada canzawa. A fim na gaba ya kira su baƙin sama. Masu kallo suka yi caa, wasu na cewa an canza mai fassara, wasu na zagi. Ya kasa komawa ga tsohon sunan, sabon kuma ya ƙi kama ƙasa. Da aka matsa masa, ya ajiye aikin.

Yanzu tafinta yake yi wa marasa lafiya da ke zuwa daga gida, yana raka su asibitoci. Wani lokaci wani zai tsaya ya ce, "Malam, kamar na san muryar nan." Sai ya ce murya tana kama da murya, ya miƙa takardar mara lafiyar ga likita.

Magani ya kwantar wa Sulafa da bugun zuciya, ta mayar da jiki, amma idanun ba su koma ba. Ba ta fita sai da baƙin tabarau, ta kuma daina zuwa taron mata. Likita ya ce akwai aikin da za a iya yi, sai dai wasu kan tashi suna ganin abu bibbiyu. Badamasi ya ce a haƙura. Ita kuwa ta ce za ta yi, don tana so ta kai Afra makaranta da kanta ba tare da yarinyar ta ce a tsaya daga nesa ba. An sa musu rana bayan Sallah, har yau kuma ba su daidaita a kan maganar ba.