Ranar da Goggo Gesche Ta Shiga Ruwa

A garinmu in ka ga mutum ya iya iyo, to Goggo Gesche ce ta zage shi har ya iya. Ita ta koya mini, ita ta koya wa ubana, faston cocinmu ma akwai ranar da ta kira shi buhun dankali a gaban mata. Gajeruwa ce mai faɗi kamar butar shayinta, usur a wuya, doguwar gora mai ƙugiya a hannu. Da gorar take tsamo yaro in ya fara shan ruwa, da ita kuma take mai da shi in ya nemi gudu.

Tafkin iyon ba nata ba ne, na ƙungiyar iyo ta garinmu ne, wadda ba ta neman riba. Amma makulli na hannunta, ita ke kunna injin ɗumama ruwa, ita ke sayar da soyayyen dankali da shayi a ɗan shagon bakin ƙofa. Ka kuskura ka juya shayin nan da cokali bayan ta zuba madara, ka ga tashin hankali.

Ba wanda ya taɓa ganinta cikin ruwa. An ce tana budurwa ta yi iyo daga nan har tsibiri, wasu ma sun ce da kare a bayanta. In aka tambaye ta sai ta ce, “Likita yana shan maganin kowa ne?”

Ni kuwa ta kore ni daga ƙungiya don na yi tsalle daga rufin banɗaki zuwa tsakiyar tafki. Tsalle ne mai kyau, har yau ana maganarsa. To, ruwa ta hana ni, ba shayi ba. Tunda makaranta ta gaji da ni, mai gidan burodin da nake wa aiki ma ya gaji da ni, kullum safiya ina shagonta.

Ɗumama ruwa na cin kuɗi kamar wuta a kara, abin da ’yan ƙungiya ke biya bai isa ba. Sai ga Tjark, mai shagon kayan nutso a tashar jiragen ruwa, yana neman hayar tafkin safiyar Talata, ya riƙa koya wa masu sayen kayansa nutso kafin ya kai su teku. Hukumar gari, da ta ba ƙungiya wurin kyauta, ta yarda bisa sharaɗi: duk lokacin da ɗan kasuwa ke cikin ruwa, lallai a samu ɗan ƙungiya ko da ɗaya ne a ciki. In babu, tafki ya zama shago ke nan, hukuma ta karɓe abinta. Kowa kuwa ya san sun daɗe suna ƙwalamar wurin don ajiye motoci.

Safiyar Talata yara na makaranta, manya na wurin aiki. Baba Onno, tsohon mai raba wasiƙu, shi ne ke riƙe mana tafki. Yakan shiga ya yi ta kai da komo kamar tsohuwar agwagwa, Tjark da mutanensa na ƙasa suna ta kumfa.

Ran nan da yammacin Litinin Baba Onno ya faɗo daga keke, ƙugu ya karye. Labari a garinmu ya fi keke sauri. Washegari, mutanen Tjark sun riga sun shiga ruwa da tukwanen iska a baya da takalman kwaɗo a ƙafa, sai ga Ubbo na ofishin hukuma da taye a wuya, wai wucewa ya zo yi.

“Goggo, ina kwana? Ya mai jiki?”

“Shi za ka je ka tambaya, Ubbo mai majina. Me ya kawo ka?”

Ya leƙa tafki. “Ina ganin ’yan haya, ban ga masu gida ba.”

Na ajiye kofina na fara cire riga. “Ga ni, ranka ya daɗe.”

“Kai ba korarre ba ne?”

“Goggo, mai da ni mana!”

“Sai an yi taro, ɗan nema,” in ji ta. “Doka ce, ni na kawo ta saboda kai.”

Ubbo ya gyara taye. “To ai abin da sauƙi. Ke ma ’yar ƙungiya ce, Goggo. Mu ma yau mu ga iyon tsibiri.”

Ta dubi ruwan, ta dubi shagonta, inda matan da suka zo shan shayi suka yi cirko-cirko da kofuna a hannu. Sai ta cire usur, ta tuɓe takalmi, ta miƙo mini gorar.

“Keno,” ta ce ƙasa-ƙasa, “riƙe. Kada ka ɗauke ido daga kaina.”

“Don me, Goggo?”

“Don ubanka.”

Da ta bi ta matakala wajen yara, da ruwan iya ƙirjinta zai tsaya. Amma wadda ta yi shekara da shekaru tana kiran masu bin matakala matsorata, ina za ta sa fuskarta? Ta nufi wajen zurfi da rigar aikinta, ta toshe hanci, ta faɗa.

Jama’a, na ga dutse ya nutse, amma dutse ma yakan ɗan yi shawara. Goggo ta wuce ƙasa kai tsaye. Wani likitan haƙori daga birni, cikin masu koyon nutso, ya ce sai ganin mace ya yi ta sauko kusa da shi da rigar girki, har ya ɗaga mata hannu.

“Kai, gwaninta!” in ji wata cikin matan. “Dubi yadda take riƙe numfashi.”

Ni da ke riƙe da gora na ga ba gwaninta ba ce. Na zura ƙugiya na kamo wuyan rigarta, Tjark ya turo ta daga ƙasa, muka baje ta a bakin tafki tana aman ruwa. Tana samun numfashi ta ce, “Haka na koya maka riƙe gora, jaki?”

Ubbo ya yi tsuru-tsuru. “Goggo, ashe ba ki iya ba?”

“Ban iya ba. Kai ka iya?”

“Na iya.”

“Wa ya koya maka?”

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Yau dai na ga ’yar ƙungiya a ruwa. Amma Talata mai zuwa fa? Ba zan yarda a riƙa kamun kifi da ke ba.”

Tjark ya zare gilashin ruwa daga fuskarsa. “Ranka ya daɗe, mutanen nan sai na ɗaura musu dalma a ƙugu suke sauka. Ita kuwa Allah ya yi mata baiwar nutsewa. Iska kawai za mu ba ta.”

“Ni za ka sa wa ƙafar kwaɗo?” in ji Goggo.

“Ko ƙafar kwaɗo, ko motoci a nan wurin.”

Kafin azahar labari ya zaga gari. Maganar tsibiri ta mutu, kare ma ya bi ta. An yi mata dariya a gidan burodi, an yi a coci, yara har waƙa suka shirya. Ta jure, sai dai ta ƙara wa yaran da suka yi waƙar yawan zagayen iyo a darasin Laraba.

Yanzu kowace Talata Goggo Gesche tana ƙasan tafki da tukunyar iska a baya, robar shaƙar iska a baki, zaune daram, tana yi wa likitocin haƙori daƙuwa in sun motsa ƙafa ba daidai ba. Tafki na nan hannun ƙungiya. Ni an yi taro an mai da ni, da sharaɗin in nisanci rufi. Baba Onno ya warke, amma ya ƙi karɓar Talatarsa. Ya ce tunda aka haife shi bai taɓa jin garin nan shiru ba sai da aka samu abin da ake cusa wa Gesche a baki, ba kuma shi zai ɓata wa jama’a wannan alheri ba.