Mai Tauna Yashi a Ƙofar Kaura

Wata uku da komawar soja bariki, ga wani dattijo tsugune gaban tulin yashin magina a Ƙofar Kaura. Kaftaninsa ya sha guga, amma takalmin na soja ne, kafaɗun ma haka. Ina kallo ya dumbuzi yashi ya watsa a baki yana taunawa. Innalillahi!

"Alhaji, lafiya?" in ji mai yashin.

Ya tofar. "Akwai tsakuwa. Kififiya nake kiwo, wanda zan shimfiɗa mata a kwatarniya nake nema. Ta farko tsakuwa ta haɗiye, ta mutu a hannuna. Taimaka mani da mai laushi, Malam."

Ina jin bara in ya daka tsawa, kasuwa guda ke watsewa. Yau kan kififiya muryarsa ke rawa.