Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa wa Mai Fim

Bara da damina wata yarinya ta yi sallama gidana a Dutsin-Ma, da jaka a bayanta da ƙafafun kyamara a hannu. Ta ce fim ɗin gaskiya take haɗawa a kan matan da suka tsaya wa sojoji lokacin mulkinsu, an kuma ba ta labarin mahaifiyata. Na dube ta sama da ƙasa. Wallahi ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru. Amma ladabinta ya kashe mini jiki, washegari muka hau mota zuwa Kurfi, inda Inna take zaune a ɗakinta na tun aure.

A hanya na ba ta labarin yadda na san shi. Yayanmu, ɗan farin Inna, malamin makaranta ne. Ya rubuta takarda yana cewa soja ya koma bariki, ya karanta ta a gaban mutane. Kwana biyu bayan haka aka zo aka ɗauke shi, aka kai shi wani gida a Dutsin-Ma da suka mayar wurin tsare mutane. Inna, wadda ko kasuwa ba ta zuwa, ta naɗe tabarmarta ta ja hannuna muka tafi can, ina da shekara goma sha biyu. Ta shimfiɗa a bakin ƙofar gidan ta zauna. Kafin mako ya zagayo mata sun fi ashirin, wasu an kama nasu, wasu kara kawai suka yi mata. Aka kore su suka dawo, aka watsa musu ruwa suka matse zannuwansu suka sake zama.

Abin da yarinyar ba ta sani ba, Inna ba ta faɗin sunan Yaya. Alkunyar ɗan fari ce, haka iyayenmu suke. "Wannan yaron" take cewa, ko "yayanku". Har ranar da wani soja ya fito da takarda yana daka mata tsawa, "Mama, meye sunan ɗanki?" kanta kawai ta sunkuyar. Ni na faɗa masa.

Muka iske ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta yarda a ɗauke ta, amma ta ce hannuwanta kaɗai za a nuna. Ta yi magana sosai, har da launin tabarmar da sunan matar da take kawo musu kunu. Can yarinyar ta ce, "Hajiya, ki faɗa mana sunansa, don masu kallo su san shi."

Inna ta yi shiru, tana ta ɓara.

Nan raina ya ɓaci. Ni dama ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ce, "Haba Inna! Shekara nawa yanzu? Ba kabari, ba takarda, hotonsa ɗaya gara ta cinye. 'Ya'yana ba su san shi ba. Yau Allah ya kawo wadda za ta ajiye sunansa a duniya, ke kuma kina nan kina alkunya? Kunyar wa kike ji?"

Ta ɗago ta kalle ni, ba fushi a fuskarta. Ta ce, "Ke kin manta ranar mota?"

Ban manta ba, tura ta nake yi can ƙasan zuciyata. Rana ta tara ce, da hantsi. Aka buɗe ƙofa, wata babbar mota rufe da tamfol ta fito ta kama hanyar Katsina. Muka ji mutane suna tari a ciki. Inna ta miƙe, mayafinta ya faɗi, ta bi motar da gudu ba takalmi, tana ƙwala kiran sunansa. Sunansa na yanka, da bakinta, a gaban maza da sojoji. Sau uku na ji. Motar ta sha kwana. Daga ranar ba mu sake ganinsa ba, ba wanda ya taɓa gaya mana inda aka kai shi.

Inna ta juya wajen yarinyar ta ce, "'Yar nan, wannan abin naki, in mutum ya yi magana a ciki, ana iya maimaitawa?"

Ta ce, "Ƙwarai, Hajiya. Ko sau dubu ne, a ko'ina."

Inna ta ce, "To kin gani. Rana ɗaya na kira shi a duniya, bai amsa ba. Yanzu so kike ki sa ni a ciki, kullum ina kira, ina kira, har bayan raina, ba mai amsawa? A'a. Ki bar ni haka."

Na rasa inda zan sa kaina. Yarinyar ta kai hannu za ta kashe kyamara, sai ta fasa, hawaye na zubo mata.

Inna ta rasu bayan ƙaramar salla. Watan jiya yarinyar ta turo mini fim ɗin a waya. Ba ta yanke wurin ba. Ana jin tambayarta, sannan shiru mai tsawo, hannuwan Inna suna ɓarar gyaɗa, wata kaza tana wucewa a baya. Surutun nan nawa ta cire shi, Allah ya saka mata.

Na kalla ya fi sau ashirin. Duk lokacin da aka zo wurin shirun nan sai in ji bakina ya faɗi sunan da kansa, a hankali, ni kaɗai a ɗaki. Daga nan sai in tsayar da fim ɗin in ɗan saurara.